Gobir a Zamanin Tururi: Nazarin Tsara Duniya a Cikin Minecraft

Minecraft wasan kwamfuta ne da Markus Persson, ɗan ƙasar Suwidin, ya fara fitarwa a 2009, aka kammala shi a 2011. Komai na cikinsa bulo ne mai faɗin mita guda, da ƙasa da dutse da itace har da ruwa, kuma mai wasa na iya haƙa ya gina abin da ya ga dama. Waɗanda ginin kawai bai ishe su ba sukan ɗora masa kayan ƙari da 'yan wasa ke kira mod. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Create, mai kawo giya da bel da injin niƙa, wanda a 2022 aka ƙara masa tukunyar tururi da jirgin ƙasa.

Da waɗannan kaya ake gina duniyar salon tururi, wato sitimfank, sunan da marubuci K. W. Jeter ya raɗa a 1987. Salo ne na ƙagaggen tarihi, a ƙaddara cewa fasahar ƙarni na 19 ta ci gaba da bunƙasa ba tare da fetur ya ture ta ba. Mafi yawan masu gini Landan ta zamanin Sarauniya Biktoriya suke kwaikwaya, da jan bulo da dogayen bututun hayaƙi. Nisi Shawl ta kai salon Kwango a littafinta Everfair na 2016, P. Djèlí Clark kuma ya kai shi Alƙahira. Wannan nazari ya ɗauki ƙasar Gobir, tsakanin Isa da Sabon Birni, domin a ga inda tsarin zai fara. A ganina daga ruwa da makamashi zai fara, ado ya biyo baya.

Lokacin da za a karkata tarihi ba shi da wuyar samu. James Watt ya yi rajistar gyaran da ya yi wa injin tururi a 1769, sa'ad da Alkalawa, birnin da Sarki Babari ya mayar cibiyar Gobir, ke kan ganiyarsa, gab da zamanin Bawa Jan Gwarzo. Birnin ya faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya wani ɗan sarautarsu, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Mai tsarawa na da zaɓi ke nan: Alkalawa mai ganuwa da kasuwar fatake, ko Sabon Birni na bakin iyaka, inda kowane gini ke da ido kan mahara. Na biyun ya fi ba da labari, don garin da ke cikin tsaro yana da dalilin neman inji.

Ko ƙarfen adon ma yana da tushe a nan. Salon tururi ba ya rabuwa da tagulla, kuma a Create ana samunta ne ta haɗa jan ƙarfe da tutiya. Matafiyi Ibn Baɗɗuɗa, da ya ratsa garin Takadda kusa da Azbin a 1353, ya ambaci cewa ana kai jan ƙarfenta wata ƙasa mai suna Kubar, wadda masana tarihi da dama ke ɗauka Gobir ce. Saboda haka ayarin raƙuma daga Azbin ya isa ya zama hanyar shigowar tagulla, kuma wasan ya sami raƙumi tun 2023. Baƙin ƙarfe kuwa na gida ne, maƙera sun daɗe suna narka tama da gawayin ƙirya.

Matsalar tana ga tukunya. Wanda ya tsara Create ya sa ƙarfin tukunyar tururi ya rataya kan abu uku, girmanta da zafin wutarta da yawan ruwan da ake tura mata, kuma wanda ya fi rauni cikinsu shi ke yanke ƙarfin da za a samu. Idan mai wasa ya duba tukunyar da tabaran injiniya zai ga layuka uku. Ko ya tara tankuna sun kai tsayin rimi, in layin ruwa gajere ne, injin ba zai ja abin kirki ba. Wannan doka ta dace da Gobir ƙwarai, sai dai wasan da kansa yana warware ta ta bayan gida. Rami mai bulo huɗu da aka zuba wa bokiti biyu ba ya ƙafewa har abada, itace na girma cikin mintuna, damina da rani duk ɗaya ne.

A ƙasar Gobir ba haka abin yake ba. Kogunan Bunsuru da Gagare suna gangarowa ta ƙasar Isa su zama Gulbin Rima, Gulbin Maraɗi kuma ya faɗo masa ta wajen Sabon Birni. Damina ba ta wuce wata huɗu. A watan Agusta ruwa ya malale fadama, zuwa bazara sai yashi, a koma tono a tsakiyar gulbi. Duk wanda ya ɗora injin ruwa mai juyawa shekara zagaye a bakin Rima ya gina Ingila ce da rawani. Abin da ya dace shi ne a sanya ƙarin da ke kawo yanayin shekara, irin Serene Seasons, a kuma hana ruwa haihuwar kansa, a bar masana'antar gari ta riƙa numfashi da kalanda. Injin ruwa ya yi aiki da damina, injin iska ya karɓa da hunturu, tukunyar tururi ta zama ta bazara, ita ma gwargwadon abin da aka tara a tafki. Daga nan siyasa za ta shigo da kanta, don tafki ɗaya ne mai lambun albasa da makiyayi da mai inji za su nema.

Makamashi ya fi ruwa wuya. Tarihin gaske ya nuna haka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Zariya zuwa Gusau ya kai Kauran Namoda a 1929, nan ya tsaya, bai ƙarasa Shinkafi ba balle Isa. Kwal ɗin da jiragen ke ci daga Inugu ake ɗauko shi. Gobir ta ƙage da ba ta da Inugu sai ta dogara da gawayi da karan gero, kara kuwa yana da masu shi tun tuni: darni da abincin dabba da murhun girki. Idan aka ba tukunya gawo da ƙirya, cikin 'yan shekaru hamada ta shigo gari. Ina ganin nan ne duniyar za ta sami nauyinta, a rage saurin girman itace, a sa sarautar da ke kula da daji ta yi daidai da ta Sarkin Maƙera a fada. Create na samun babban zafinsa ne daga wata halittar wuta da ake kamowa a duniyar ƙarƙashi a tsare a murhu. Mai tsarawa zai iya barin ta a matsayin aikin iskoki, wanda ba baƙo ba ne a labaran Gobir, amma in ya sauƙaƙa samunta ya rushe duk lissafin itacen.

Gini ya fi sauƙi tun 2022, da aka shigo da laka, wadda ake cuɗawa da alkama a yi tubali, kusan yadda magina ke cuɗa ƙasa da ciyawa. Abin lura shi ne bulo a wasan yana tsayawa a iska ba tokari. Azarar giginya kuwa ba ta ɗaukar rufin da ya wuce kimanin mita biyu, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo don faɗaɗa soro. Wanda ya ɗaure kansa da wannan ƙa'ida zai ga ɗakin injinsa ya fito da ginshiƙai da bakuna, indararo na zubar da ruwa cikin kwatamin tafki, rumbunan ƙasa masu ƙaton ciki na karɓar gero daga bel. Ba sai an manna wa bango giya don ado ba.

Saura tambayar wanda zai gina. Create na aiki ne da nau'in Java na kwamfuta, yawancin matasan yankin kuwa waya ce a hannunsu, wutar caji ma saye ake yi. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, Isa da Sabon Birni na ciki. Mai yiwuwa ɗalibi a Sakkwato ko Maraɗi ne zai fara aza tubalin, amma faɗin gulbi a watan Agusta, da inda ƙofofin Alkalawa suka fuskanta, da yawan damin karan da gona ɗaya ke bayarwa, sai ya je ya tambayo dattawan da ke zaune kusa da kufan.