Yadda ake neman diyyar rai a kotunan Kudu: abin da ya kamata iyalan mamaci su sani

A unguwannin Sabo da kasuwannin kara na Kudu, daga Agege zuwa Akinyele har Lokpanta, idan mota ta take mana mutum ko aka harbe shi, abin da muka saba shi ne a yi masa sutura kafin rana ta faɗi, a ce an bar wa Allah. Haƙuri ibada ne, babu ja. Amma diyya haƙƙin matar mamaci ce da marayunsa da iyayensa, kuma dokar Najeriya ta ba da damar nemanta ko a wace jiha mutum ya rasu. Abu biyu ne suka fi kayar da mutanenmu: rashin takarda da barin lokaci ya wuce.

Shari'ar laifi daban, ta diyya daban

Idan 'yan sanda suka kama wanda ya yi kisa suka gurfanar da shi, wannan shari'ar gwamnati ce, ku shaidu ne kawai. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba alƙali ikon umartar mai laifi ya biya diyya, amma kada a dogara da hakan. Ƙarar neman diyya iyali ne ke shigar da ita da kansu a Babbar Kotu ta hannun lauya, kuma ba sai an jira an gama waccan ba.

A Musulunci diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, asalinta kuma yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92. To amma kotunan Kudu ba da wannan ma'auni suke aiki ba. Su asarar da iyali suka yi suke lissafawa.

Abin yi a ranar farko

Binne gawa da wuri koyarwar addininmu ce, sai dai awa biyu ko uku sun isa a haɗa abin da zai tsaya wa marayu gobe:

1. A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, a nemi kofin rahoton a rubuce. Idan haɗarin mota ne, a nemi na jami'an kiyaye haɗurra ma.
2. A kai gawar asibiti, likita ya rubuta takardar da ke nuna abin da ya yi ajalin mamacin. Daga baya a karɓi takardar shaidar mutuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.
3. A ɗauki hoton raunukan da wurin da abin ya faru da lambar motar.
4. A rubuta sunayen shaidu da lambobin wayarsu. Mutanenmu matafiya ne, wanda ya ga abin yau, jibi yana Maigatari ko Potiskum.
5. A adana rasidin asibiti, na motar ɗaukar gawa da na jana'iza.

A Legas akwai dokar 2007 da ta ce majistare ya binciki duk mutuwar da ake zargi a kanta. Idan harbi ne ko mutuwa a hannun jami'an tsaro, kada a yi saurin ƙin gwajin likita. A tuntuɓi malami da lauya tukuna, domin sau da yawa wannan takardar ce kaɗai hujja.

Idan mota ce ko sakacin wani

Dokar da ake shigar da irin wannan ƙara a Legas ita ce wadda lauyoyi ke kira Fatal Accidents Law, sauran jihohi ma suna da makamanciyarta. A Legas wa'adin shekara 3 ne daga ranar rasuwa. Wanda ke da takardar izinin kula da gadon mamaci, wadda ake karɓa a sashen gado na Babbar Kotu, shi ke shigar da ƙara a madadin iyali. Idan wata 6 suka wuce bai yi ba, iyalin na iya shiga da kansu.

Ana haɗa direba da mai motar a ƙara ɗaya, tunda ubangida na ɗaukar alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Sannan doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka kaɗe, saboda haka lauya zai sanar da kamfanin inshorar. Shi ya sa lambar mota ke da muhimmanci.

Alƙali zai tambaya: nawa mamacin ke kashe wa iyalinsa, kuma shekara nawa ake sa ran zai ci gaba da yi? A ce yana tura N60,000 gida duk wata, a shekara N720,000 ke nan, sai a ninka da shekarun da kotu ta ga ya dace, a ƙara kuɗin jana'iza. Mai sayar da shanu ko dillali ko ɗan acaba ba shi da takardar albashi, amma bayanan asusun banki, rasidin POS da littafin ƙungiyar kasuwa duk suna iya zama hujja.

Idan jami'an tsaro ne

Nan fa sai an yi hanzari. Dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ce ƙarar da aka shigar kan jami'i saboda abin da ya yi a bakin aiki ta mutu bayan wata 3. Sai dai akwai wata ƙofar: sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare rai, sashe na 46 kuma ya ba da damar zuwa Babbar Kotu. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun ce wa'adi ba ya kashe ta, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yarda dangin mamaci su shigar da ita.

Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ke da ofisoshi a jihohi kuma ba a biyan kuɗi wajen kai mata koke. A watan Satumba 2013 jami'an tsaro sun kashe mutum 8 a wani kango a Apo, Abuja, yawancinsu 'yan Keke Napep. A 2014 hukumar ta umarci gwamnatin tarayya ta biya naira miliyan 10 kan kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane ɗaya cikin mutum 11 da suka jikkata, jimilla miliyan 135. Sai a 2018 aka biya. Kun ga talakawa ne irinmu suka yi nasara, amma sai da aka yi shekaru ana bi.

Ko an ci shari'a, kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati doka ta ce sai Antoni Janar ya amince.

Idan a wurin aiki ne

Ga masu gadi, leburori da direbobin kamfanoni, dokar 2010 ta ce ubangida ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF. Daga nan ake biyan iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. A sanar da kamfani nan take, a shigar da buƙata kafin shekara 1 ta cika.

Idan rikici ne ko taron jama'a

Wannan ya fi kowanne wuya, tunda ba a cika gane wanda za a kai ƙara ba. Bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairu 2021, da kisan mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, gwamnoni sun kai ziyara, an yi alƙawura. Amma alƙawarin gwamna ba hukuncin kotu ba ne. A nemi a rubuta shi, da sunayen mamata da magadansu da adadin kuɗin.

Sulhu da kuɗin lauya

Sulhu alheri ne, kuma yakan fi kotu sauri. Sai dai kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a fassara masa ba. Wata takardar na "kuɗin ta'aziyya" tana ɗauke da sharaɗin cewa an yafe ƙara har abada. Kuma Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa ko kawu ba shi da ikon yafe rabon maraya.

Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wato Legal Aid Council, ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya a garinsa. Idan lauya ya ce zai ɗauki kaso daga abin da aka samu, a rubuta kason tun farko, a gaban shaidu.

Kira ga shugabannin kara da na unguwanni: kowace kasuwa ta samu lauya ɗaya da aka sani, da matashi ɗaya mai karatu da zai riƙa bin takardun nan yayin da sauran jama'a ke hidimar jana'iza. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari.