Zoɓon Jigawa da Hannun Hukuma

Yakuwa ba ta cikin amfanin gonar da hukuma ta sa wa ido a zamanin Turawa. A ƙasar Dutse, Ringim da Gumel, a gefen gona ake shuka ta don ta raba iyaka, mata su yi miya da ganyenta, su busar da zoɓon don sha da ƴar sayarwa. Gyaɗa da auduga su ne ƴan gata. Hukumar ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita ke yanka musu farashi, tana saye ta hannun wakilanta masu lasisi.

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, ta kuma kafa dokar ba masu fitar da kaya waje tallafi. Tun 1976 akwai hukumar NEPC mai bunƙasa fitar da kaya, amma sai da aka sakar wa ƴan kasuwa mara ne zoɓo ya sami masu nema. Dillalai suka riƙa bin kasuwannin Shuwarin, Gujungu da Maigatari suna haɗa buhuna, a kai Dawanau a Kano, daga can sai tashar jiragen ruwa ta Legas.

Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, gwamnatin Saminu Turaki ta kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari, bakin iyakar Nijar, don sauƙaƙa fitar da kaya waje. Niyyar mai kyau ce, sai dai an daɗe ana jiran amfaninsa.

Babbar mai sayen zoɓon Nijeriya ita ce Meziko, inda ake shan sa kullum. A 2017 ta dakatar da karɓarsa saboda ƙwarin da aka samu a cikin kayan. Farashi ya faɗi warwas, manoman Jigawa da ba su da hannu a yadda ake ajiya a rumbunan ƴan kasuwa su ne suka fi jin jiki. Ba a sake buɗe ƙofar ba sai da hukumar NAQS mai binciken lafiyar amfanin gona ta daidaita da Meziko cewa za a turara kowane kaya da maganin ƙwari a ɗaki na musamman, a ba shi takardar shaida kafin a loda. Aikin hukuma a wannan ciniki yanzu ya koma tsaron inganci, farashi kuwa yana hannun kasuwa.