Gurbi na Uku da Ya Gagari Intel

A ƙarshen Satumba na 1999, ana saura kwanaki kaɗan a ƙaddamar da shi, kamfanin Intel ya dakatar da sabon rukunin ƙwayoyin lantarkinsa mai lamba 820, wanda aikinsa shi ne sada ƙwaƙwalwar Pentium III da ma'ajiyar aiki, wato RAM. Masu ƙera kwamfuta sun riga sun harhaɗa injuna suna jiran ranar kasuwa. Abin da aka gano shi ne, idan babban allon kwamfuta yana da gurabu uku na sandunan RAM, saƙo kan gurɓace a hanya. Sandunan lafiyarsu ƙalau, ƙwaƙwalwar ma haka. Laifin yana tsakaninsu.

Tushen al'amarin ya koma 1996, lokacin da Intel ya ƙulla yarjejeniya da Rambus, wani ƙaramin kamfani na Kalifoniya da ba ya ƙera komai sai sayar da izinin fasaharsa. RAM ɗin da aka saba da ita a ƙarshen shekarun 1990, SDRAM, tana tura bayanai ta layuka 64 a gudun megahaz 100. Rambus ya matse hanyar zuwa layuka 16, ya kai gudun megahaz 400, kuma ana aika saƙo sau biyu a kowane bugu. A lissafi, riba ta ninka: gigabait 1.6 a daƙiƙa maimakon megabait 800.

Sai dai a irin wannan gudu, zaren tagulla ya daina zama waya kawai. Duk inda saƙon lantarki ya ci karo da mahaɗa ko ƙarshen layi, wani ɓangarensa kan dawo baya kamar amsa-kuwwa, ya yi karo da wanda ke biye da shi. A ƙaramin gudu, amon kan lafa kafin saƙo na gaba ya iso. A babban gudu, babu wannan sarari. Kowane gurbi kuwa mahaɗa ce. Hanyar Rambus tana ratsa sandunan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, shi ya sa dole a cike gurbin da ba kowa da wata sanda marar ma'ajiya, in ba haka ba kwamfutar ba za ta tashi ba sam.

Maganin da Intel ya samo bai wuce yanke gurbi na uku ba. An fitar da 820 a Nuwamba da gurabu biyu.

Daga nan sai tsada ta tare hanya, domin sandar Rambus ta ninka SDRAM kuɗi. Intel ya ƙara wata ƙwaya, MTH, a matsayin tafinta tsakanin 820 da SDRAM mai araha. Tafintan ya rage gudu, har tsohon rukunin 440BX yakan wuce shi a gwaje-gwaje, abin kunya ga kayan da aka tallata da sunan sauri. Mafi muni ya zo a Mayu na 2000, da Intel ya amsa cewa hayaniyar lantarki a layukan MTH, wadda ke tasowa idan saƙonni da yawa suka sauya a lokaci guda, tana sa kwamfuta ta sandare ko ta mutu ta sake tashi da kanta, kuma tana iya lalata bayanai. Irin wannan ciwo mai zuwa ya tafi shi ne mafi wuyar kamawa: injin zai yi kwanaki lafiya, sannan ya faɗi, mai shi kuma ya ɗora wa Windows laifi. An janye alluna kusan miliyan ɗaya, asarar ta haura dala miliyan 200. Timna, ƙwaƙwalwar araha da ta dogara da irin wannan tafinta, an soke ta a shekarar. Shugaban Intel na lokacin, Craig Barrett, ya yarda a bainar jama'a cewa dogaro da Rambus kuskure ne, kasuwa kuma ta karkata ga DDR.

Rambus ta bar kwamfutocin tebur, amma ciwon hanyar bai bar su ba. Tun 2007 da Intel ya kawo XMP, lambar gudun da ke jikin kwalin RAM sau da yawa ta zarce ma'aunin da hukumar JEDEC ta tsayar, kuma cimma ta ya dogara ga allon da ƙwaƙwalwar. Wanda ya kunna XMP ko EXPO na AMD ya ga allon kallo ya yi baƙi, yawanci injin yana gwada daidaita lokacin kowane layi ne, wanda a DDR5 kan ci mintuna. Idan ya kasa, sai ya ƙi tashi. Masu gyara kan bi sawun Intel na 1999 ko da ba su sani ba: su goge saitin BIOS a koma gudun asali, su rage sanduna, su bar Memtest86 ta kwana tana gwaji. Sanduna huɗu ba su cika kai gudun biyu ba. Kuma littafin allon yakan ce a saka biyun a gurbi na biyu da na huɗu daga ƙwaƙwalwa, domin a nan layukan suke ƙarewa. Idan aka bar su fanko, guntun tagullar da ya rage shi ke mayar da amon.