Likitan Mutum da Likitan Gari

Likitoci iri biyu ne. Akwai wanda ya ke zaune a asibiti, a kawo masa mara lafiya ya duba shi, ya ba shi magani ko ya yi masa allura. Wannan kowa ya san shi, kowa kuwa yana gode masa. Akwai kuma wanda majiyyacinsa gari ne ɗungum, ko lardi, ko ƙasa baki ɗaya. Shi ba ya jiran a kawo masa kowa. Abin da ya ke tambaya shi ne, mutum nawa suka kamu, a wace unguwa, yaushe aka fara, wane ruwa su ke sha. Aikinsa shi a ke kira kiwon lafiyar jama'a, yana kuwa da karatunsa dabam, wanda mutum ya kan shiga bayan ya gama digirinsa na farko a jami'a.

Masu wannan ilmi su kan fara ba da labarinsa daga birnin Landan. Cikin 1854 annobar amai da gudawa ta faɗa wa wata unguwa a can. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana rubuta inda aka yi mutuwa, sai ya ga yawancin mamatan daga famfo guda su ke ɗiban ruwa. Ya roƙi hukuma aka cire hannun famfon. A lokacin nan jama'a da likitoci duka sun ɗauka wari da mugunyar iska ke kawo cutar. Shi kuwa bai ga ƙwayar cuta da idonsa ba, ƙidaya kurum ya yi.

Makarantun koyon cututtukan ƙasashe masu zafi sun biyo baya. An kafa ta Libaful cikin 1898, ta Landan cikin 1899, watau jim kaɗan bayan Ronald Ross ya gano a Indiya, cikin 1897, cewa sauro ne ke ɗaukar zazzaɓi. Gaskiyar magana, ba tausayin talakawa ne ya fara kafa su ba. Turawan mulki da na ciniki ne ke mutuwa a bakin teku, aka nemi abin da zai tsare su. Amma ilmi ba ya tsayawa inda aka aike shi.

A ƙasar Arewa talaka ya fara gamuwa da wannan aiki ne ta hannun duba-gari, wanda a ke horarwa a Makarantar Tsabta ta Kano, wadda aka buɗe cikin 1932. Ba a ƙaunace shi ba. Mutum ne mai shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai, ya sa a ci mai gida tara. Mata su kan ɓoye tulu in sun ji sallamarsa. Kaɗan ne suka san cewa tsutsar da ya ke nema cikin randa ita ce sauron gobe.

Inda aka ga amfanin zurfin karatu sosai shi ne yaƙi da ciwon barci a Lardin Zazzau. Bayan 1930 ma'aikata suka riƙa bin ƙauyuka, suna tattaɓa wuyan mutane, wanda aka ji kaluluwa a wuyansa a tsaga a duba ruwan a madubin likita. A wasu ƙauyukan ƙasar Anchau an tarar kusan mutum ɗaya cikin uku yana da cutar. Ana yi musu allura su sami sauƙi, su koma rafi ɗiban ruwa, ƙudan tsando ya sāke cizonsu. Ashe magani kaɗai ɗiban ruwa ne da kwando.

Wanda ya taimaka aka warware matsalar ba likitan mutane ba ne, masanin ƙwari ne, Dakta Nash, wanda ya yi shekaru a Gadau yana nazarin halin tsando. An tabbata irin tsandon da ke bakin rafi ba ya jure zafi da bushewar rani sai da inuwar kurmi. In aka sare duhuwar da ke bakin ruwa, ba sai an taɓa sauran daji ba, ƙudan ya ƙare. To, amma kurmi ya kan sāke tofo, ƙauye mai gida biyar kuwa ba shi da hannuwan da za su riƙa sāran rafi mai tsawo kowace shekara. Saboda haka wajen 1937 aka fara tattara mutane cikin wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70, faɗinsa kimanin mil 10, aka share rafukansa, aka haƙa rijiyoyi da siminti. Kusa da tsohon garin Anchau, wanda ya cushe cikin ganuwa da kududdufai, aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ba kowa ne ya tashi da son ransa ba, barin kufai da kaburburan iyaye ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka cutar ta ragu ƙwarai. Cikin 1951 aka buɗe ma'aikatar binciken wannan cuta ta Afirka ta Yamma, a Kaduna da Vom.

Labarin agana ya fi wannan ban mamaki. A ƙarshen 1966 ta ɓarke a ƙasar Ogoja, a Gabashin Nijeriya. Akwai wani likita Ba'amurke a can, William Foege, wanda bai daɗe da gama karatun kiwon lafiyar jama'a a Jami'ar Harvard ba. Dokar aikin ita ce a yi wa kowa da kowa lamba, amma maganin da ke hannunsa bai isa ba. Sai ya aika ta rediyo wurin 'yan mishan na ƙauyuka, su kuma suka tura 'yan aike su gano duk inda mai agana ya ke. Ya yi wa mutanen waɗannan ƙauyuka lamba, da na kasuwanni da garuruwan dangi inda ya ga cutar za ta nufa. Agana ta rasa wanda za ta kama, ta mutu a wurin. Wannan dabara ce aka ɗauka a duniya. An ga na ƙarshe da ya kamu a Afirka ta Yamma cikin 1970, na ƙarshe a Somaliya cikin 1977, sa'an nan cikin 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa agana ta ƙare. Yaro na yau bai san zanzana ba sai a fuskar tsoho.

A nan ne wahalar wannan sana'a ta ke. Wanda aka yi wa fiɗa ya tashi, shi da danginsa ba su manta likitansa. Amma wanda bai kamu da agana ba, wa zai gode wa? Shi ya sa samari da yawa su kan fi son aikin asibiti, inda a ke ganin hannunsu.

Duk da haka 'yan ƙasa sun shiga. Dakta Barau Dikko na Wusasa, likitan farko daga Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, ya kai har Babban Sakataren Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Farfesa Umaru Shehu, mutumin Barno, ya shugabanci sashen lafiyar jama'a a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yaye almajirai da dama. Cikin 2008 aka kafa wani shiri na shekara biyu, tare da jami'o'in Zariya da Ibadan, inda a ke ɗaukar likitan mutane, da likitan dabbobi, da ma'aikacin ɗakin gwaji. Ana koya musu ƙididdiga, da hanyoyin yaɗuwar cuta, da yadda a ke bin sawun annoba. Zaman aji kaɗan ne, yawancin karatun a fagen aiki a ke yinsa. Wanda ya gama ya kan kama aiki a ma'aikatar lafiya, ko hukumar yaƙi da annoba, ko jami'a, ko ƙungiyoyin duniya.

Ba a daɗe ba aka jarraba su. Ran 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Ikko da cutar Ebola a jikinsa. Dakta Stella Adadevoh, likitar asibitin da aka kai shi, ta ƙi sallamarsa ko da ya ke an matsa mata. Ta kamu, ta rasu. Daga nan aiki ya koma hannun masu bin sawu, ciki har da ɗaliban wancan shiri da ma'aikatan yaƙi da shan-inna. Suka rubuta sunan mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar, suka riƙa zuwa wurin kowanne kullum suna auna zafin jikinsa har kwana 21. A birni mai mutum miliyoyi, da Fatakwal inda cutar ta tsallaka, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Ran 20 ga Oktoba, bayan kwana 42 ba a sami sabon kamu ba, aka ba da sanarwa cewa cutar ta fita daga Nijeriya.