Wanda Ya Bi Ruwa Shi Ya Zana Taswirar Filato

Jama'a, yaranmu na ganin Dilimi kamar kwata ce kawai. Alhali da ita aka fara sanin wannan tsauni a takarda.

Dalili kuwa, kuza nauyi gare ta. In ruwan sama ya zaizayo duwatsu, sai ta kwanta a gindin rafi. Saboda haka duk mai neman ta dole ya bi ruwa. Maƙeran Liruwen Dalma sun san haka tun kafin zuwan Turawa, suna narka dalma tsinke-tsinke, fatake na kai wa kasuwanni. Labarin wannan dalma shi ya jawo Kamfanin Neja. A 1903 Laws ya iso Tilde, daga baya ya kafa sansani a Naraguta, ƙasar Anaguta, kusa da Dilimi.

Daga nan masu safiyo suka bazama, rafi bayan rafi. Falconer ya fitar da littafinsa a 1911, sannan a 1921 ya rubuta na filayen kuzar Filato. Taswira ta nuna cewa tsaunin nan uwar koguna ne: Kaduna ta gangara Kwara, Gongola ta faɗa Binuwai, Diliminmu kuma ta bi ta Jama'are ta nufi Tafkin Chadi.

To, mu 'yan Kwararafa a kan tudu muke. Sharar da muka zuba a Dilimi, wani ne can gangare zai sha da iyalinsa, ya yi alwala. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.