Mace-macen Matasa a Duniya da Iyakar Abin da Asibiti Zai Iya

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran duk wanda ke tsakanin shekara 10 da 19 matashi, kuma yawansu ya kai kimanin biliyan 1.3, wato mutum ɗaya cikin kowane shida a doron ƙasa. An daɗe ana ɗaukar wannan zango a matsayin lokacin ƙoshin lafiya, tunda yaro ya tsallake ƙyanda da gudawa, bai kuma kai shekarun hawan jini da ciwon suga ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin 'yan shekara 10 zuwa 14 su ne mafi ƙarancin mutuwa a duk rukunonin shekaru. Sai dai daga 15 lamarin yake juyewa. A shekarar 2021 kaɗai, fiye da mutum miliyan 1.5 'yan shekara 10 zuwa 24 suka rasu, kusan 4,500 ke nan kowace rana.

Duniya ta yi rawar gani wajen ceto ƙananan yara. Mutuwar 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga sama da miliyan 12 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 5 a 2022. Matasa ba su samu irin wannan rabo ba. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2021 ya nuna cewa daga 1950 zuwa 2019 mace-macen 'yan shekara 10 zuwa 24 sun ragu da kashi 30 cikin ɗari a tsakanin mata, maza kuwa da kashi 15 kacal. Dalilin ba a ɓoye yake ba. Allurar rigakafi da ruwan gishiri da sukari da gidan sauro duk abubuwa ne da ma'aikacin lafiya zai iya kai wa uwa har ɗaki. Abin da ke kashe ɗan shekara 17 kuwa galibi yana kan titi, ko a cikin doka, ko a shawarar da manya suka yanke ba da shi ba.

Hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. A ƙasashe masu tasowa, da yawa daga cikin mamatan ba su taɓa mallakar mota ba: masu tafiya a ƙafa ne, da masu keke, da 'yan acaɓa da fasinjojinsu. Saurayin da ya ɗauko mutum biyu a babur ba hular kwano, a kan titin da ya ratsa tsakiyar kasuwa babu abin rage gudu, ya riga ya shiga haɗari tun kafin a yi zancen likita. Nutsewa a ruwa ma na cikin manyan musabbabai, musamman ga yara maza.

Sauran ya danganta da inda aka haifi mutum. A yankin Latin Amurka kisan kai ne ke cin samari fiye da komai, a ƙasar Amurka kuma bindiga ta zarce hatsarin mota wajen kashe yara da matasa a 2020. Mutum ya kashe kansa shi ne na uku a jerin abin da ke hallaka 'yan shekara 15 zuwa 29. Mutane kan ɗauka wannan al'amari ne na zuciya wanda hukuma ba ta da ta cewa a kai, amma tarihin Siri Lanka ya ƙaryata haka. Da ƙasar ta haramta magungunan ƙwari mafi guba da manoma ke ajiyewa a gida, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015. Baƙin ciki bai ƙare a ƙasar ba, gubar ce ta yi nisa da hannu.

Ga 'yan mata, ciki da haihuwa na cikin manyan musabbabai. Haihuwa a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 19 ta ragu a duniya daga kusan 65 cikin kowace dubu a 2000 zuwa kusan 41 a 2023, amma Afirka kudu da Sahara ce ke da kaso mafi girma. A Nijar, kimanin kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi fuskantar jijjiga da doguwar naƙuda, wadda ta tsira kuma tana iya ƙarewa da yoyon fitsari. A nan ma maganin farko shi ne ta daɗe a makaranta, na biyu kuma ungozomar da ta san aikinta.

Wannan hujja ta cewa maganin yana wajen asibiti tana da iyaka, kuma iyakar a Afirka take. Matashin nahiyar yana fama da hatsarin babur, alhali zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da sanƙarau da ƙanjamau ba su sake shi ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na matasan da ke ɗauke da ƙanjamau a Afirka suke. Saboda haka asibiti yana da sauran aiki babba, sai dai an gina shi ne domin uwa da jariri, kuma saurayi ko budurwa kan ji kunyar shiga layi da sa'o'in iyayensu.

Alƙaluman mutuwa kansu ba sa nuna komai da komai. Matashi ɗaya cikin bakwai na fama da matsalar ƙwaƙwalwa kamar ciwon damuwa, ƙarancin jini na addabar 'yan mata, ƙiba kuma a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 19 ta tashi daga kashi 2 cikin ɗari a 1990 zuwa 8 a 2022. Illar waɗannan sai bayan shekaru take bayyana. Bugu da ƙari, a ƙasashen da matasa suka fi mutuwa ba a cika yin rajistar mamaci da abin da ya kashe shi ba, don haka yawancin alƙaluman waɗannan ƙasashe ƙiyasi ne na masana.