Daga Ƙofar Ran: Al'ada, Addini da Ƙabila a Tarihin Bauchi



Duk wanda ya bi ta Ƙofar Ran a cikin garin Bauchi zai ji Hausa ce ke tashi ta kowane ɓangare: a bakin mai shayi, a wajen masu Keke Napep, a zaurukan unguwa. Baƙo zai ɗauka cewa kowa a nan Bahaushe ne tun kaka da kakanni. Amma idan ka zauna da dattijo ka tambaye shi asalin gidansu, sai ka ji wani ya ce su Gerawa ne, wani Fulani, wani Barebari, wani Jarawa, wani kuma kakansa daga Kano ya zo fatauci. Harshe ɗaya, galibi alƙibla ɗaya, amma tushe daban-daban.

Masana ilimin labarin ƙasa da ke nazarin zaman mutane suna rarrabe abubuwa uku da mu kan haɗa su a bakinmu. Al'ada ita ce abin da mutum ke koya a inda ya tashi: harshe, sutura, abinci, gaisuwa, tsarin aure da biki. Addini shi ne abin da ya yi imani da shi da yadda yake bauta. Ƙabila kuwa jingina ce ga kakanni da tarihin da jama'a suka yarda sun haɗa. Ukun nan suna cuɗanya, amma kowanne yana da hanyarsa ta yaɗuwa, kuma iyakokinsu a doron ƙasa ba sa faɗawa wuri guda. Tarihin Bauchi ya nuna haka ƙarara.

Mu fara da wanda ya kafa garin. Malam Yakubu ɗan Dadi Bageri ne, ya yi karatu a wajen Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a Degel. Da jihadi ya tashi a 1804, yana cikin waɗanda suka karɓi tuta, kuma shi ne aka fi sani a cikin manyan masu tuta wanda ba Bafulatani ba. Ya zauna a Inkil, daga baya wajen 1809 ya kafa birnin Bauchi, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, Ƙofar Ran na cikinsu. Ya yi mulki har rasuwarsa a 1845. Ka ga ke nan tun ranar farko, Bageri ne ya riƙe tutar malami Bafulatani, a daular da Larabci ne harshen ilimi da wasiƙu, Hausa kuma ita ce ta zama harshen kasuwa da titi. Karatu da amana ne suka ba Yakubu tuta.

Sunayen ƙofofin ma darasi ne. Ƙofar Inkil da Ƙofar Tirwun da Ƙofar Wase suna ɗauke da sunayen garuruwa, Ƙofar Wambai kuma sunan sarauta. Ganuwa kariya ce daga mahara, amma ƙofa hanyar shigowa ce. Ta ƙofofin nan malamai da fatake da makiyaya da masu sana'a suka shigo, ta nan kuma aka shigo da bayin da aka kamo a yaƙe-yaƙe da mutanen duwatsu. Wannan ɓangare na tarihi yana da ɗaci, kuma ɓoye shi ba zai amfane mu ba. Jikokin dukkan waɗannan mutane ne yau ake kira Bausawa.

A nan ne masana ke maganar narkewar al'umma a cikin wata. Wanda ya shigo birni yakan ɗauki harshen da kowa ke ji, ya sa riga da hula irin ta mutanen gari, ya yi aure a cikinsu. Bayan zuriya biyu ko uku, jikansa ba ya jin yaren kakansa. Haka ta faru da Gerawa da yawa: harshen mutanen da suka haifi wanda ya kafa garin yana ja da baya a gaban Hausa, yara da dama sun san sunan ƙabilarsu amma ba su iya gaisuwa da harshenta ba. Fulanin gari ma da yawa haka suke da Fulatanci. Hausa ta haɗa kan mutane, wannan riba ce. Amma duk harshen da ya mutu yakan tafi da karin maganarsa da sunayen itatuwa da tarihin da ba a rubuta ba.

Addini ma bai taɓa bin layin ƙabila sak ba. A 1827 Yakubu ya tare rundunar Shehu al-Kanemi na Borno ya mayar da ita, alhali ɓangarorin biyu Musulmi ne. A shekarun 1840 kuma wasu malamai Hausawa ƙarƙashin Malam Hamza suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda saɓani da masu mulki, suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da sauran mutanen wurin waɗanda galibinsu ba Musulmi ba ne a lokacin. Daga wannan haɗaka Ningi ta yi ƙarfi, ta daɗe tana faɗa da Bauchi da Kano. A ƙasar Kano da Katsina kuwa akwai Maguzawa, Hausawa ne tsantsa da suka riƙe addinin gargajiya, sannan a Wusasa ta Zariya akwai gidajen Hausawa da Fulani Kirista.

Zuwan Turawa a 1902 ya sake fasalin zaman. Sun mulki ƙabilu da dama ta hannun masarauta, ciki har da waɗanda ba su gamsu da hakan ba, kuma mishan suka fi samun shiga a yankunan kudu kamar ƙasar Sayawa, waɗanda ke kiran kansu Zaar. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, aka ƙirƙiri jihar a 1976, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta shigowa, gari ya tsallake ganuwa zuwa unguwanni irin su Yelwa. Sai addini da ƙabila da maganar sarauta da ƙasar noma suka fara hawa kan juna. Rikicin Tafawa Ɓalewa na Afrilun 1991, wanda ya bazu har cikin garin Bauchi ya ci rayuka da dukiya, ya nuna abin da ke faruwa idan aka ɗaure ukun nan a igiya ɗaya: rigimar mulki da kasuwa sai ta koma ta masallaci da coci, maƙwabci ya daina ganin maƙwabcinsa.

A yankin Ƙofar Ran ɗin nan kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake. An haife shi a 1912, mahaifinsa Bageri ne, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Bauchi, ya rubuta littafin Shaihu Umar da Hausa, ya zama Firayim Ministan Najeriya daga 1957 har aka kashe shi a Janairun 1966. A wane akwati za a saka shi? Bageri ne ta jini, Bahaushe ta harshe da alƙalami, Musulmi ta addini, Babaushe ta gari, kuma babu ɗaya daga ciki da ya kore sauran.

Don haka idan ana maganar takardar ɗan asalin jiha, ko neman aure, ko rabon muƙami, aka fara cewa wane ba namu ba ne, ya kamata mu tambayi kanmu: ta wace ƙofa namu kakan ya shigo? Wanda yake da tsoho a gida ya zauna da shi ya rubuta asalin gidansu da 'yan kalmomin yaren da suka rage a bakinsa tun yana raye. Sanin tushe yana rage girman kai, domin kusan kowane gida a cikin ganuwar nan an taɓa yi masa maraba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Bauchi da Najeriya lafiya, amin.